Yadda Na Nema wa Nuhu Auren Bajamushiya a Guangzhou

Shekaruna saba'in da ɗaya a bana, abin da zan labarta kuwa shekara biyu ke nan da aukuwarsa. Nuhu, ɗan marigayi ƙanena, yana karatun injiniya a Guangzhou, ya ga wata malamar Jamusanci mai suna Katarina ya ce yana so. Mahaifinta, Malam Yohan, zai ziyarce ta na kwana uku, ya ba mu yammacin Juma'a kaɗai. In ya ƙi, yarinyar ta ce ba za ta saɓa masa ba. Ni ne baffa, tafiyar ta hau kaina.

Laraba

Na bar Bichi ƙarfe huɗu da rabi na asuba, da ƙwaryar goro a naɗe cikin algarara. Jirgi ya tashi daga Kano da azahar, muka yada zango a Adis Ababa, sa'an nan muka yi sa'a goma a sama. Ban runtsa ba. Ina ta bitar takardar da Nuhu ya aiko: Guten Tag, gaisuwa, Danke, godiya, Bitte, roƙo, Kuchen, kek ɗin da suke ci da gahawa da la'asar.

Alhamis

Ma'aikacin kwastan ya juya goron, ya shinshina, ya kira na gaba da shi. Na shiga roƙonsu, domin neman aure babu goro ba neman aure ba ne. Da ƙyar suka bar mini ashirin. Nuhu ya sauke ni a titin Huanshi Lu, masaukin Alhaji Isufu, ɗan kasuwar Maraɗi.

Bayan cin tuwo Nuhu ya zaunar da ni karatu.

"Baffa, ƙarfe uku a wurinsu ƙarfe uku ce. Ka dubi idonsa in kuna musafaha. In an miƙo abinci, ka karɓa tun da fari, ba sa maimaitawa."

"Yanzu ni za ka koya wa zaman surukai?"

Alhaji Isufu ya yi dariya. "Alhaji, tsohon biri ma yakan koyi sabon reshe."

Juma'a

Muka idar da salla a Masallacin Huaisheng ƙarfe biyu saura kwata. Ni da Nuhu da Alhaji Isufu muka fito, motar haya uku muka tsayar, kowane direba ya kaɗa hannu ya ce "meyo", wato babu. Na huɗu ya ɗauke mu, cunkoso ya riƙe mu minti ashirin, idona na kan agogo, gumi ya jiƙa mini babbar riga. Muka isa gidan Katarina uku saura minti bakwai. Nuhu ya hana ni ƙwanƙwasawa, wai sammako ma laifi ne. Haka muka tsaya a bakin ƙofa, dattawa biyu da ango, muna jiran agogo.

Malam Yohan dogo ne mai furfura, ba ya yawan fara'a. Na ce Guten Tag, na dubi idonsa, ko da yake a garinmu wannan tsaurin ido ne. Katarina ta kawo gahawa da kek na tuffa. Sai tarbiyyar shekaru sittin da tara ta riga ni magana, na ɗaga hannu na ce, "Danke, alhamdu lillahi." Wane ne zai ci abinci a gidan surukai tun tayin farko?

Malam Yohan ya ɗauke farantin, ya mayar kan tebur. Fuskarsa ta ɗaure. Nuhu ya raɗa mini, "Baffa, da hannunsa ya gasa shi tun safe, irin na marigayiya matarsa ne."

Tun da na girma ban taɓa roƙon abinci ba. Na dubi Nuhu, na ga idon ƙanena a fuskarsa. Na gyara zama, na miƙa hannu biyu, na ce, "Bitte, Kuchen."

Ya zuba mini ido, sa'an nan ya yanko mafi girma. Na cinye tas. Da na miƙa masa goro, ya jefa guda sukutum a baki. Ɗaci ya kawo masa ƙwalla, amma bai tofar ba. Katarina ta ce, cikin Hausar da Nuhu ya koya mata, "Baffa, na faɗa masa ba a ƙin goron Bahaushe."

Ashe shi ma karatun ya kwana yi. Da ya haɗiye, ya yi tambayoyi na sa'a guda a kan aiki da mazauni da addini, Nuhu yana tafinta, ni ina amsawa. Daga ƙarshe ya miƙe ya kama hannuna ya ce "Ja", wadda ko ba ta cikin takardata na gane ta, wato ya amince.

Komawa

Na baro Guangzhou ran Litinin, na shiga Bichi Talata bayan la'asar, na yi wa Allah godiya da Ya kai ni Ya dawo da ni ban kunyata zumunci ba. Har yau wasu tsarana ba su yarda na roƙi abinci a gidan surukai ba. Mai shakka ya tambayi Alhaji Isufu na Maraɗi, a gabansa aka yi, shi ma yanka biyu ya ci.