Rekiya da Butar Alhaji Shitu

Rekiya ba ta buga waya kafin ta je duba mara lafiya. Takan fito daga ɗakinta na unguwar Panyu bayan asuba, ta shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta wuni tana raka Hausawan Guangzhou asibiti, tana mayar da ciwonsu cikin Sinanci, ta dawo musu da amsar likita cikin Hausa. Idan ta tashi, sai ta faɗa gidan wani da aka sallama, a lokacin da bai zata ba. Ta yi sallama, ta gaisa sama-sama, ta zarce kicin. Mara lafiya yana iya yi mata ƙarya, in ji ta, amma tukunya ba ta iya ba.

Karatu ya kawo ta daga Damagaram, aikin tafinta ya zaunar da ita, har furfura ta fito mata a nan. Yanzu za ta koma gida, shi ya sa nake wannan rubutu. Kada wani ya zaci mace ce mai daɗin zama. Idan ka ce mata da sauƙi, kallonka take kamar ka ɓoye kaya a kwantena. Ni kaina, shagona na benen kasuwar Tianxiu tana shigowa nake gyara zama, ko da kaina ba ya ciwo.

Maƙwabcin shagona shi ne Alhaji Shitu Ango, dattijon Kano, wanda ya riga yawancinmu sanin hanyar kasuwar tufafi ta Shisanhang. Cutar karkarwa ce ta kama shi, wadda likitoci ke kira Fakinsan. Hannun dama ya fara rawa, tafiya ta koma jan ƙafa, magani ya yi aiki shekaru sannan ya fara gajiya. Nan da nan dillalai suka ji ƙamshi. Kullum sai wani ya ɓullo da bidiyo a waya, ga tsoho yana karkarwa, ga shi an yi masa dashe a ƙwaƙwalwa yana rawa da jikoki.

Rekiya ta kalli bidiyon ɗaya, ta ce wa dillalin, "Laoban," wato maigida da Sinanci, "ina sunan asibitin? Ina tsohon yake yanzu, in je in gaishe shi?"

Ya ce, "Meyo," wato babu, ya mayar da wayarsa aljihu. Ba mu sake ganinsa a benen ba.

Ita ta kai Alhaji wani asibitin koyarwa inda ake gwajin dasa sababbin ƙwayoyin halitta a cikin ƙwaƙwalwa, a wurin da nasa suka mutu. Su ma ba ta ƙyale su ba. Hajiya Sabuwa, matar Alhaji, ta ce har kunya ta kama ta, don Rekiya ta tsare babban likita da tambaya kamar shi ya zo neman aiki. Ta juyo ta gaya wa Alhaji ba tare da ado ba: gwaji ne, ba alkawarin warkewa, za a huda ƙoƙon kai, kuma bayan haka akwai maganin da zai hana jiki ya kashe dashen. Sai a kan lokacinsa ake shansa, da ruwa mai yawa saboda ƙoda. In aka yi wasa da shi, aikin ya tafi a banza. Ni dai ban yarda da abin ba, na kuma faɗa masa. Ya ji ni, ya sa hannu.

An yi aikin, ya tashi lafiya, aka sallame shi. Sai azumi ya kama, a daidai lokacin da bangon Guangzhou yake zufa saboda danshi. Likita ya ce babu azumi bana, Alhaji ya ce to. Kowa ya yarda da wannan to ɗin, ban da mutum ɗaya.

Abin da ya biyo baya daga bakin Hajiya Sabuwa na ji shi. Ana cikin kwanakin farko, da azahar, sai ga sallamar Rekiya.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi, 'yata. Alhamdulillahi."

"An ci abinci?"

Hajiya ta yi saurin cewa, "Yanzun nan ya gama, har na wanke kwano."

Rekiya ta wuce kicin. Ta taɓa tukunya, sanyi ƙalau. Kwanon da aka ce an wanke a bushe yake. A kan tire kuwa ga dabino an jera a faranti biyu, ga kofi biyu na kunun buɗa-baki. Ta dawo da ruwa a kofi ta miƙa wa Alhaji.

Ya ce, "Na ƙoshi."

Sannan ya ce, tun yana yaro bai taɓa shan azumi ba, ba zai fara a ƙasar mutane ba da gemunsa fari. Maganin safe ya mayar da shi sahur, na rana ya haɗa da na dare. Ai duk cikin ciki ɗaya suke zuwa.

Rekiya ta kira limamin da yake ba mu salla a waya ta buɗe murya, liman ya ce mara lafiya ya sha ya rama daga baya. Alhaji ya ce ai ya sani, ita ta kitsa masa abin da zai faɗa. Rekiya ba ta yi musu ba. Ta shiga banɗaki ta ciko buta, ta dire a gabansa da roba.

"Baba, lokacin salla ya yi. Yi alwala."

Hajiya ta yunƙura za ta zuba masa kamar yadda ta saba, Rekiya ta tare ta da hannu. Alhaji ya ɗaga butar, bakinta yana kaɗawa, ruwa ya jiƙa masa riga da tabarma, bai samu tafin hannun ba.

Rekiya ta ce, "Ranar da likita ya tambaye ka me ya sa ka yarda a huda maka kai, me ka ce? Ka ce kana so ka yi alwala da hannunka kafin ka mutu. Da bakina na fassara, har likitan ya sunkuyar da kai. Azumin nan za ka iya ramawa, Baba. Abin da aka dasa maka in ya mutu, ba a ramawa. Kuma ko ka sha ruwan nan ko ba ka sha ba, yau zan gaya wa likita."

Ya sha. Ta kuma gaya wa likitan, aka ɗebi jininsa, aka gyara masa magani. Alhaji bai ƙara yi mata magana ba har aka yi ƙaramar salla. Ita kuma ba ta fasa zuwa taɓa tukunyarsu ba.

Ke ce, Rekiya, kika yarda dattijo ya yi fushi da ke wata guda don kada ya rasa hannunsa. Ke ce mai shiga ta kicin, wadda ba a rufe wa ciwo da murmushi. Mu da muka iya lallashi, da mu aka bar wa Alhaji, da mun ce masa Allah ya ba da lada, mun koma shago.

Ba zan ce ya warke ba, likitocin ma ba su ce ba. Hannun yana rawa har yau, kuma sun ce sai shekaru sun nuna. Amma ranar da muka yi wa Rekiya walimar ban-kwana, da aka kira magariba, Alhaji Shitu ya tashi ya ɗauki buta da kansa. Wani ruwan ya zube a ƙasa, mafi yawa ya sauka inda ake so. Hajiya Sabuwa ta juya baya tana gyara mayafin da bai karkace ba. Ni ma idona ya cika.

Rekiya kuwa ta matsa kusa da Hajiya ta ce, "Cike take da ya ɗauka, ko kin rage masa ruwan don ta yi sauƙi?"

Hajiya ta rantse cike take. Rekiya ta karɓi butar, ta cika ta da kanta har baki, ta ajiye masa don isha'i.

Mun gode, Rekiya. Allah ya kai ki Damagaram lafiya, ya ba ki masu kula da ke irin yadda kika kula da mu. Ku kuma matasan da za ku gaji aikinta, ku koyi Sinancin, amma idan dattijo ya ce muku da sauƙi, ku amsa masa da ladabi, sannan ku shiga kicin ku taɓa tukunya.