Kaset mai kukan jaki

Har yau in jaki ya yi kuka da hantsi, wata tsohuwar waƙar noma ce take faɗo mani a rai, kuma sai na ji kunya ta kama ni kaɗan. Bari in gaya maka dalili.

A Katuru na tashi, a gaban kakana. Idonsa ya yi rauni, amma kunnensa ko allura ta faɗi a rairayi zai ce maka ga inda take. Yana da akwatin kwano cike da kaset-kaset na tsofaffin makaɗa, na fada da na noma, da rakoda mai cin batir huɗu. Ni ce mai danna masa, ni ce mai juya zaren kaset da biro don kada batir ya ƙare. Shekarata goma sha ɗaya, kuma a ganina babu abin da ban sani ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, babana ya zo daga Kaura Namoda, inda yake koyarwa a Islamiyya. Ba wanda ya tilasta shi, shi ne dai ya ga bai dace a riƙa jin ganga a gidan mahaifinsa ba. Cikin ladabi ya roƙi tsoho ya ba shi kaset-kaset ɗin ya naɗi tafsiri a kansu, tunda azumi ya matso. Kaka ya yarda, da sharaɗin a bar masa guda ɗaya.

Kwana uku muka yi muna zaɓe a gindin darbejiya. Wani kaset ɗin ko minti ɗaya ba ya yi sai ya ɗaga hannu. Wannan da damina aka ɗauke shi, in ji shi, fatar gangar ta saki. Wancan an kwafa an sake kwafa har muryar ta zama ta mai mura. Wancan kuma 'yan amshi sun riga makaɗi shigowa. Daga ƙarshe saura biyu, kuma waƙa ɗaya ce ta makaɗi ɗaya. Na farko a gidan rediyo aka ɗauka, tas da shi, kowace kalma ana jin ta. Na biyu wani falke ne ya ɗauka wajen gayya a gonarmu tun kafin a haife ni. Iska na hurawa, mutane na surutu, ga wani jaki da ya sa baki a tsakiyar waƙar.

Kaka ya zaɓi mai jakin. Ya ce a na rediyon makaɗin bango yake yi wa waƙa, sauri yake ya gama. A na gonar kuwa yana jan baiti har sai manoma sun kai ƙarshen kunya, kuma in ka kasa kunne za ka ji galma tana faɗuwa daidai da ganga. Ya ce in ɗaura masa jan zare in ajiye daban.

Ni kuwa na yanke cewa tsufa ne. Wai tausayinsa nake ji, kada ya ƙare rayuwarsa yana sauraron jaki. Sai na ɗaura zaren a kan na rediyon, na jefa ɗayan cikin akwati. Da la'asar babana ya ɗaure akwatin a bayan babur ya tafi.

Washegari da hantsi na danna masa. Ganga ba ta buga sau biyar ba ya ce, "Wanga ba shi na ba."

Na faɗi gaskiya ina kuka. Bai daka mani tsawa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi in kashe, kuma bai sake neman rakodar ba. Lokacin babu waya a garinmu. Inna, matar kaka, ta ba wani mai kai albasa saƙo zuwa ga babana ranar kasuwar Shinkafi, amma an riga an ga wata, kuma mun san kullum ana tafsiri. Kowace safiya nakan ce a raina yau ne za a naɗi tafsiri a kansa. Sati guda na yi abinci ba ya yi mani daɗi.

Ranar Juma'a sai ga ƙarar babur. Babana ya shigo, ya durƙusa, ya fito da kaset daga aljihu ya sa a hannun tsoho. Ashe saƙon ma bai kai gare shi ba. Ya cika sauran duka, da ya zo kan wannan sai maɓallin naɗi ya ƙi dannuwa, domin kaka ya daɗe da ɓalle ɗan harshen robar da ke gindinsa. Har ya murza takarda zai toshe ramin, sai ya ce bari ya ji abin da ake wa wannan tsaro. Bayan kukan jakin da kaɗan, can nesa, wata mace tana kiran manoma su zo su sha fura. Mahaifiyarsa ce, wadda ta rasu yana makaranta.

"Baba, mi ya hana ka hwaɗa man da muryatta ciki?"

Kaka ya shafa kaset ɗin da babban yatsa. "Ba don ita niz zaɓa ba," in ji shi. "Kiɗin nan ya hi kyau."

Babana ya yi dariya yana share ido. Ni kuma na zauna a ƙasa, hankalina ya kwanta. Da yamma kaka ya miƙo mani biro ya ce in juya zaren a hankali, shi ke nan hukuncina.

Yanzu waƙoƙin nan suna cikin waya, ɗari-ɗari, ba mai kwana uku yana zaɓe. Kaset ɗin yana wurina. Bara ɗana ya zuba mani shi a waya, ya ce yana da hanyar da zai share iskar da surutun ya fita tas kamar na rediyo. Na ce masa kada ya taɓa komai, ko jakin ya bar mani shi.