Na Shafa Tayar, Na Ji, Na Yi Shiru

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ni bakanike ne a garin Agiye, kuma lokacin da wannan abu ya faru na haura shekara arba'in ina kwanciya ƙarƙashin mota. Abin da aka san ni da shi shi ne daidaita ƙafafun mota. Ba ni da na'ura. Zare nake ja daga ƙafar baya zuwa ta gaba, in kanne ido ɗaya in duba, in kama sifana in murɗa. Direbobin tasha sukan ce idona ya fi awon Bature, ni kuwa na yarda da su har cikin raina. Karatuna na lakol, wato makarantar boko, bai yi nisa ba, saboda haka wannan yabo shi ne takardar shaidata. Ban taɓa buɗe baki na ce wa mai mota ban sani ba, ko da kuwa ban sanin ba.

Ina da ƙanwa guda, ita kuma ɗanta namiji ɗaya ne, saurayi mai kasuwanci a Maradi. Da Allah ya buɗa masa sai ya sayo wata jar mota mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, in ta yi ruri awakin unguwa sai sun watse. Bayan an cire amfanin gona samari irinsa sukan taru a wani fako da ke bayan gari, su yi ta tsere da juya motoci, yara na ihu. Wata rana ya zo garejina ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya nuna mini wani abu a wayarsa. Ya ce masu tsere na ƙasashen waje sukan ɗan buɗe ƙafafun gaba, su kuma kwantar da samansu ciki, don mota ta riƙa kama kwana da sauri, kuma abin yana da awo na lamba. Ya tambaya cikin ladabi ko Kawu zai iya, ko kuwa ya kai wa masu na'ura a Maradi. Wannan ambaton Maradi shi ya ƙona ni. Na ce masa uwarsa ma ni na goye ta, kuma tun ba a haifi mai na'urar ba nake jan zare. Ban ko kalli lambobin ba. Na buɗe ƙafafun da ido, na kwantar da su yadda na ga dama. Da zai tafi ya tambaye ni ko babu laifi ya riƙa hawa kwalta da ita a haka. Wallahi ban sani ba, ban taɓa yi wa irin wannan mota irin wannan aiki ba. Amma sai na ce masa ya tafi har Makka da ita.

A fako motar ta yi abin da yake so, har abokansa suka riƙa yabon hannun tsoho. Bayan kamar mako uku ya dawo da la'asar, ya same mu ƙarƙashin rumfa muna shan shayi da abokan sana'a. Ya ce a kan kwalta motar ba ta tsayawa a miƙe, tana ta karkata kamar jakin da ya hango ciyawa. Mai faci da ke maƙwabtaka da ni ya kwashe da dariya, ya ce ai zaren tsoho ne ya tsufa, a sayo masa sabo a kasuwar Agiye. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi ta dole. Na tsuguna gaban ƙafar dama. Daga waje tayar kamar sabuwa, zanenta duk yana nan. Da na zura hannu ta baya na shafa gefen ciki, sai na ji sumul kamar tafin hannu, can kuma wani siririn ƙarfe na cikin tayar ya soke ni a ɗan yatsa har jini ya fito. Nan take na gane abin da na aikata. Ƙafafun da na buɗe fiye da kima sun yi ta gurzar kwalta da gefen ciki har sun cinye robar, a wurin da ido ba ya gani. Na ɗaga kai na ga mutum biyar suna jiran abin da zan ce. Sai na goge yatsan a tsumma, na ce iska ce kawai ta ragu. Aka ƙara iska, yaro ya yi godiya ya tafi. Na ce wa zuciyata gobe da sassafe zan bi shi gida in gaya masa mu biyu, ba a gaban masu dariya ba.

Washegari akwai suna a dangi a Cadawa, kuma a sanina matan gidajenmu da motar tasha za su je. Da safe na tarar da wani direba yana jirana a gareji, na ce bari in gama masa tukun. Sai da hantsi ya ɗaga na isa gidan ƙanwata. Matar da na tarar a tsakar gida ta ce ai sun tafi tun ɗazu, yaron ya ɗauki uwarsa da mai ɗakina a jar motar, don mai ɗakin nawa ta ce ita ma sai ta shiga motar 'yan gayu kafin ta mutu. Tana faɗa tana dariya, ni kuwa na fice waje da sauri. Na kira wayarsa sau uku bai ɗauka ba, na san kiɗa ne yake tashi a ciki. Na tare ɗan kabu-kabu na ce ya bi hanyar Cadawa, kada ya tausaya wa babur. Na san hanyar nan kamar ɗakina, na san miƙaƙƙen wurin da yaron zai taka motar ya nuna wa iyaye mata abin da take iyawa, na kuma san abin da taya mai ƙarfe a waje take yi in ta yi zafi. Duk addu'ar da na iya na karanta ta a bayan babur ɗin nan. Na riƙa cewa ya Allah laifin nawa ne, kada ka kama su da shi.

Mun yi nisa sai na hango taron mutane da garken shanu a gefen hanya, ga jar motar ta kafa hanci cikin yashi tsakanin karan gero. Na sauka daga babur. Ina nan tsaye sai na jiyo muryar ƙanwata tana zazzaga wa ɗanta faɗa, tana cewa daga yau ko amalanken jaki ya fi mata wannan akwatin shaiɗan. Tun muna yara nake jin faɗanta, ban taɓa jin daɗinsa ba sai ranar. Mai ɗakina kuwa tana tsugune tana tsince goron da ta riƙo wa masu jego daga cikin yashi, ba abin da ya same ta sai ɗan ƙulu a goshi. Ashe yaron yana cikin gudu, matan suna ta salati, sai wani dattijon Bafulatani ya shigo hanya da shanunsa zai tsallaka da su gona cin kara. Dole ya rage gudu har ya koma tafiyar ƙasa, yana ta danna oda yana mita. Saniya ta ƙarshe tana wucewa, ya fara taka mota ke nan, tayar ta fashe. Bafulatanin yana jingine da sandarsa yana tambayar yaron, cikin Hausarsa, to yanzu tsakanin nagge da mota wa zai riga isa.

Yaron kuwa ya juya fushinsa kan mutumin da ya sayar masa da tayoyin a Maradi. Ya rantse sai ya kai shi gaban jandarma, ya ce Kawu ma shaida ne, jiya jiya ya duba. Ga ƙofar tsira ta sake buɗe mini, in na gyaɗa kai shi ke nan, wani bawan Allah ya ɗauki kayana. Na dubi matan nan biyu da Allah ya maido mini, na ji ba zan iya ba. Na miƙa masa ɗan yatsana na nuna masa inda ƙarfen ya soke ni, na faɗi komai a gaban jama'a, tun daga lambobin da na ƙi dubawa har iskar da na sa aka ƙara. Yaron ya ce, Kawu, ai da a kunne ka raɗa mini. Ƙanwata ba ta ɗaga murya ba a wannan karo. Ta ce Yaya, wato ka ɗora kunyarka da ɗana a sikeli, kunyar ta rinjaya. Ta yi wata guda ba ta amsa mini gaisuwa, kuma ban ga laifinta ba. Mai ɗakina kuwa, da muka koma gida, ta ajiye mini tuwo, ta ce in nemo rugar mutumin nan in kai wa shanunsa kanwa. Na nemo, na kai.

Da aka sa sababbin tayoyi ni na roƙi yaron ya tafi da ni Maradi wurin mai na'urar. Saurayi ne da bai kai ɗana na uku ba. Ya auna ya nuna mini cewa buɗewar da na yi ta ninka abin da ake so sau da yawa. Ya ce saitin fili daban, na kwalta daban, wanda yake son duka biyu sai ya tsaya tsaka-tsaki, ko ya riƙa maidowa kafin doguwar tafiya, kuma ya yawaita duba cikin taya. Bai yi mini dariya ba. Ya ma ce zare yana aiki in mutum ya san awon da yake nema. Wato zarena ba shi da laifi, girman kaina ne ya karkace.

Ina kira ga samari masu irin waɗannan motoci, kada kyan taya daga waje ya ruɗe ku, ku murɗa sitiyari ku zura hannu ku shafa ciki, musamman ranar da za ku ɗauki iyayenku. Ku kuma 'yan'uwana masu sana'a, tsofaffi irina, in aka kawo muku abin da ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, dariyar rumfa ba ta wuce kofin shayi ɗaya. In kun ga haɗari ku faɗa a lokacin, kada ku ce sai gobe. Ni na ce sai gobe, Allah ya rufa mini asiri da garken shanu, kuma ba kullum shanu suke tsallaka hanya ba.