Ciyawar Gidan Bature

A rugarmu ta bayan Gwiwa, wutar da ake hura wa shanu da damina don korar sauro ita ce wutar hirarmu. Da an idar da sallar isha'i, kakarmu, wadda muke kira Dada, za ta jawo tabarmarta kusa da hayaƙin, mu kuma mu yanyame ta kamar 'yan tsaki. Ni ne sarkin surutu, don haka ni take tsokana. "Kai, mijin nan nawa marowaci! Ko goro ba ka taɓa sayo mini ba, amma kullum kai ne gaba wajen neman tatsuniya." Kafin ta rufe baki da "ga ta nan", mun riga mun ce ta zo.

Akwai wadda ba ma gajiya da ita, ta yarinya da karsanarta. Wai wata shekara ruwa ya yi jinkiri, bazara ta yi tsawo har ganyen gawo ya ƙare. Yarinyar ba ta da komai a duniya sai karsanar da aka ba ta ranar sunanta, ga shi karsanar ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Ta ja ta neman abin kiwo, suna tafe suna tafe, sai ga wata katanga a gindin dutse. Yarinya ta taka kututture ta leƙa.

A nan Dada takan zaro ido, mu kuma baki buɗe.

"Ciyawa, 'ya'yan nan! Koriya shar, a tsakiyar bazara, kamar an shimfiɗa darduma! Ga furanni ja da fari da ruwan ɗorawa, ba a miya da su, ba a magani da su, kallo kawai. Ga mutane suna ɗebo ruwa a garwa suna shayar da ƙasa. Ƙasa fa, ba saniya ba! In ciyawar ta ɗan taso kuma, sai a yanke ta a ƙone."

Ga ɗan makiyayi, wanda zai ƙone ɗanyar ciyawa da bazara ba mutum ba ne, shi ya sa muka yanke cewa lambun aljannu ne. Yarinya dai ta yi ta kuka, har wani tsoho mai aikin lambun ya ji tausayinta. Kullum da safe sai ya jefo mata damin ciyawa ta kan katanga. Karsana ta murmure, ta haifi garke guda. Ƙurunƙus, kowa ya nemi makwanci.

Bayan na girma na samu aiki a Kazaure, na ɗauko Dada a duba mata ƙafa. Muna fitowa daga wajen likita ta ce, "Tsohon gidan Bature yana nan kuwa?" Yana nan. An daɗe da daina aikin hukuma a cikinsa, lambun da ke gefensa kuma ya zama na kowa, 'yan makaranta na karatu a inuwa, amare na ɗaukar hoto. Na kai ta.

A ƙofa ta toge. "Ba za a kore mu ba?"

"Haba Dada, wa zai kore ki?"

Ta tuɓe takalmanta ta riƙe a hannu, ta shiga da bismilla. Ta ɗaga kai tana bin itatuwan maɗaci da kallo, manya-manya, rassansu sun haɗe sun rufe rana. "Ikon Allah! Wancan lokacin da kaɗan suka fi ni tsawo."

Na tsaya cak. "Dada, ke ce yarinyar?"

"Sai yau ka gane? Ina amfanin bokon naka?"

Na yi dariya, na tambaye ta labarin tsohon nan mai jefo ciyawa. Ta zauna a ƙasa tana shafa ciyawar da tafin hannu, kamar bayan maraƙi.

"Babu wani tsoho, maigida. Na roƙi masu aikin lambun, suka ce su ma tsoro suke ji. A bayan katangar can karsanar ta kwanta, ba ta tashi ba."

Da ƙyar na ce, "To me ya sa kika ce mana ta rayu?"

"In tura yara barci da mushe a rai? Allah ya kiyaye." Ta sake dubawa ko'ina, fuskarta ta washe. "Amma dubi wurin nan, don Allah. Ko a ranar, da hawaye a idona, ban taɓa ganin abu mai kyansa ba."

Dada ta rasu, Allah ya jiƙanta. Na daɗe ina zaton haƙuri take koya mana da tatsuniyar nan. Sai da na fara furfura na gane cewa tsohon ne abin nufinta. Mutumin da ta nema a ranar ba ta samu ba, shi ta yi ta dasawa a zukatanmu, ko Allah zai sa wata rana ɗayanmu ya tsinci kansa ta cikin katanga.

Ga shi kuwa yau ofishina katanga gare shi, har da mai gadi a ƙofa.