Hotona da Kwalbar Giya a Titin Huanshi

Assalamu alaikum, Edita. Shekarar da China ta karɓi baƙuncin wasannin Olympics ina da shekara talatin da ɗaya. Ni ɗan Maradi ne, ina zaune a Guangzhou, ina yi wa 'yan kasuwarmu sayayyar tufafi a kasuwar Shisanhang ina tura musu. Ina jin Faransanci, na kuma tsinci Sinanci daidai na ciniki. Mahaifina limamin unguwarmu ne, kuma albarkacinsa nake ci, don saboda gidan da na fito mutane ke ba ni amanar kayansu.

Da wasannin suka matso sai aka tsananta biza. Kullum ka ji an tare wani an ce ya fito da fasfo. Tawa ta kusa ƙarewa, duk ofishin da na je sai a girgiza mini kai a ce meyo, wato babu. A wannan hali na haɗu da wani Bafaranshe mai shigo da giyar inabi daga ƙananan gonakin kudancin ƙasarsu. Ya ce tafinta yake nema, in na yarda kamfaninsa zai yi mini takardar zama. Na gaya masa ni Musulmi ne, ba na sha. Ya yi dariya ya ce ai bakina yake so, ba maƙogwarona ba.

Ba zan ce an rufe mini ido ba. Na san giya ce. Amma ya iya magana. Ya nuna mini hotunan manoman, tsofaffi masu kaushin hannu, ya ce ba sa zuba takin zamani, ba sa feshin magani, da hannu suke tsinkar inabin, suna duba tafiyar wata kafin su yi aiki. Wasu ma sukan cika ƙahon saniya da kashin shanu su binne, daga baya su tono su yayyafa wa gona. Sai na tuna gonar kakana, na ce wa zuciyata ai labarin noma kawai zan fassara. Da wannan ƙarya na kwashe wata biyu ina tsayawa a manyan otal, ina gaya wa attajiran Sinawa wacce kwalba ce ta gonar kan dutse, wacce ce ta kusa da teku, suna shinshina kofi suna kurɓa.

Ranar wani babban taro ya roƙe ni in sa babbar riga da hula, wai don in yi kwarjini. Ana cikin hidima ya miƙo mini kwalba ya ce in riƙe masa. Na riƙe, na ga walƙiyar kyamara, ban ɗauke ta a bakin komai ba. Bayan mako biyu wani dattijo ɗan Kano da muke sallah tare ya kama hannuna, ya ja ni har gaban wani shago a titin Huanshi. Ga ni nan a jikin gilashi, tsawon mutum, ina murmushi da kwalba a hannu. A ƙasa an rubuta da Sinanci cewa tsarkinta ya kai har Musulmi ya amince da ita. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, da rigar sallah?"

Na tafi ofishin Bafaranshen. Ya ɗaga kafaɗa ya ce talla ce kawai, kuma na sa hannu a takardar da ta ba shi izinin amfani da hotona, in kuma ban ji daɗi ba zai iya janye takardar zamana. Har yau in na tuna yadda ya faɗi maganar yana gyara zaman kwalabensa, sai in ji zuciyata tana tafasa. Mutumin da ke cika baki cewa manomansa ba sa cutar ko tsutsar ƙasa, ya tattake mutuncina bai ko waiwaya ba. Haushin wasu 'yan uwana ma yana nan. Waɗanda na san irin jabun da suke lodawa ta filin jirgin Baiyun, su suka fi kowa saurin ɗaukar hoton a waya, suka tura gida.

Na bar aikin ranar, na tattara na dawo gida bayan azumi. Kafin in taso na aika wa Baba shaddar Sallah, sai na tarar da ita a ɗakina cikin ledarta, ko buɗewa ba a yi ba. Na durƙusa na rantse masa ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba. Ya ce ya yarda, amma in gaya masa mutum nawa suka sha saboda daɗin bakina. Daga baya na ji cewa ya yi Juma'a uku bai iya ɗaga kai ya dubi mutane ba. Ya yafe mini kafin ya rasu, sai dai bai ƙara sa ni in ja sallah a bayan idonsa ba.

Na koyi cewa haram ba ta zama halal don an noma ta da tsabta, kuma wanda ya riƙe maka takardar zama ya riƙe wuyanka. 'Yan uwana da ke ƙasashen waje, kada ku sa hannu a abin da ba ku karanta ba, kada tsoron a kore ku ya sa ku ari bakinku ga abin da ba za ku iya faɗa a gaban iyayenku ba. Ni biza na tsaya ceto, ga shi ita ma ban tsira da ita ba.