Tasin da Muka Haɗa Ba Takarda

Jiya a kasuwar Talata Mafara na ɗauki wata motar wasa, warin sabuwar roba ya bugi hancina, sai marigayi kakana ya faɗo mini a rai. Shi ba ya karɓar kyauta sai ya shinshina ta, ya ce, "Mi suka biɗa?"

Lokacin aikin dam ɗin Bakolori ne, ana ta auna gonakin mutane. Kawuna, direba a wurin aikin, ya kawo mini kwali daga wani Bature: tasin wasa ce gunduwa-gunduwa, sai an harhaɗa. Kaka ya juye ta a tabarma, ya shinshina, ya zaro takardar da ke ciki.

"Baba, bayanin haɗawa ne kawai," in ji Kawu.

"Haka aka ce ma mutanen Maradun kahin su dangwala hannu a takarda, gonakinsu su tahi. Jikana ba ya taɓa ta."

Ya cusa ta a murhu. Na fashe da kuka, ya jawo ni muka zauna. Da yatsunsa masu kaushi ya riƙa gwada ƙofa da taya, in suka shiga ƙas, sai ya ɗaga ya leƙa ciki. Ɗan direban roba kuwa, Kaka bai yarda da irin kallonsa ba, ya cire shi. Ya yi wa tasin wurin ɗora kaya da kara, wai tasin ƙauye sai da buhu.

Gonarmu ta tafi duk da haka, amma har ya rasu bai dangwala ba. Allah ya jiƙansa, ya zaunar da shi cikin waɗanda zai saki jiki da su.