Gefen da ya karkace

A shekarun da aka zabtare wa ma'aikata albashi, ina aji biyu a kwaleji, muna zaune a unguwar Briqueterie. Malaminmu na lissafi taksi yake ja bayan an tashi, don haka kullum a gajiye yake shigowa aji. Wata rana ya zana mana parallélogramme, wato kamar akwatin da aka tura ya karkace gefe guda, ya ce a nemo faɗin filinsa. Ya rubuta gindi sau tsayi, ya koma ya zauna.

Ni a ganina tsayi shi ne gefen nan da ya karkace, tunda shi ido ke gani. Layin ɗigo-ɗigon da ya ja a ciki kuwa na ɗauka ado ne. Duk aikin da ya ba mu sai da na faɗi. Na tambaye shi dalili, ya ce haka dokar take, in haddace.

A gida akwai Yaya, ya gama jami'a bai sami aiki ba, yini yake a zaure. Da murna ya karɓi littafina, ya cika shafi da alamomin da ban taɓa gani ba. Na ce ba mu kai nan ba. Sai ya shiga yi mini bayanin yadda karatu ya lalace a ƙasar nan. Baba daga kan tabarmarsa ya ce a kewaye abin da igiya a auna mana. Inna ta leƙo ta ce in tashi in kai niƙa.

Haushi ya cika ni. Na ɗauko almakashin Inna na yanke zanen daga littafin, sannan na datse ƙuryar nan da ta karkace, don kawai in huce. Guntun ya faɗo a cinyata. Na ɗauka ina jujjuya shi, na kara a ɗaya gefen, sai ga akwati ya miƙe tsaf. Inda na datse, nan ne layin ɗigo-ɗigon. Shi ne tsayin.

Na nuna wa Yaya. Ya ce, "Ai abin da nake ta gaya miki ke nan."

Na kwashe guntayen takardata na tashi.

Washegari malam ya ga rami a littafina. Na buɗe baki zan yi bayani, ya ce in fito gaban allo in durƙusa bisa gwiwa. A nan na ƙare darasin.